Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Amsa Ga Alhajin Da Daɓensa Ya Jiƙe

  

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta na da tsawo, kuma na tabbata ba mai ita kaɗai ta shafa ba. Ta fito ne daga wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Funtuwa, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Malam, ina da matsalar da ta hana ni barci. A watan Maris na bana na gina ɗaki a jikin sitona. Aka yi daɓen siminti, bayan kwana goma na shimfiɗa leda, na kuma sa iyakwandishan a bangon da ya raba ɗakin da sito. Tun da damina ta kankama, ledar da ke ƙarƙashin na'urar ta kumbura ta yi baƙi, in an ɗaga sai wari. A bayan bangon akwai buhun masara 40, na ƙasa sun fara sanyi. Maginin ƙanin maiɗakina ne. Na ce ha'inci ya yi mini, na riƙe ragowar kuɗinsa, shi kuma ya rantse bai rage komai ba. Yanzu ko gaisawa ba ma yi. Wasu sun ce in fasa daɓen, wasu sun ce binne aka yi mini. Me ka gani?"

To Alhaji, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya ba ka haƙuri. Kafin komai ga shawara biyu. Ta farko, yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe, ka sa a janye buhunan nan daga jikin bango. Zan dawo kan maganar masara daga baya. Ta biyu, ka ajiye guduma. Kada ka fasa daɓe, kada ka ƙara faɗa wa surukinka baƙar magana, sai ka ba ni aron mako guda. Ruwa ba ya tsami banza. Duk ruwan da ka gani a daɓe da hanyar da ya biyo, kuma in ba ka gano hanyar ba, ko sau uku ka sake daɓen haka zai sake jiƙewa.

Hanyoyin nan huɗu ne. Ko dai ruwan ya sauko daga cikin iska kamar raɓa, ko ya zubo daga cikin na'urar, ko ya taso daga ƙasa, ko kuma ya shigo ta rufi da bango. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da iska, domin ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Lokacin da nake koyarwa a firamare, nakan shigo aji da kwalbar lemo mai sanyi in ajiye a kan tebur. Kafin in gama kiran suna ta yi zufa sharkaf, har ruwa ya kwanta a gindinta. Sai in tambayi yara daga ina ruwan ya fito. Kusan duk sukan ce daga cikin kwalba. Alhali kwalba a rufe take, ko ɗigo bai fita ba. Ruwan na cikin iskar ajin, ido ne kawai ba ya ganinsa. Da iskar ta taɓa jikin kwalba mai sanyi sai ta sauke shi.

Dalili kuwa shi ne, iska mai zafi ta fi mai sanyi iya ɗaukar ruwa. Ka ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. In zafinta digiri 30 ne, tana iya riƙe ruwa kimanin giram 30. In ta sauko digiri 20, giram 17 kawai za ta iya. A digiri 10 kuwa, giram 9. Ragowar dole ta sauke shi a kan duk abin da ta samu. A watan Agusta iskarmu takan kusa ƙoshi da ruwa. Idan zafi ya kai digiri 30, laimar iska kuma ta kai kashi 80 cikin 100, to duk abin da sanyinsa ya sauko digiri 26 zai fara zufa. Ka ga tazarar ba ta da yawa. A irin wannan rana, ɗaki mai faɗin mita 4, tsawon mita 4, tsayin mita 3, akwai ruwa fiye da lita guda yana yawo a cikin iskarsa.

Yanzu dubi ɗakinka. Na'ura tana hura sanyi a kan daɓe da bango na awoyi, su yi sanyi ƙalau. Can sai a ɗauke wuta, ko a kashe janareta. Zafi ya dame ka, ka buɗe ƙofa da taga. Iskar damina ta shigo ta tarar da daɓe mai sanyi. Daɓenka ya zama kwalbar lemo ke nan. Haka kuma bangon da na'urar ke sanyayawa, bayansa yana cikin sito, inda iska ke da ɗumi da laima. Shi ma yana iya yin zufa ta can, buhunan da suka jingina da shi su tsotse.

Hanya ta biyu ita ce na'urar kanta. Mutane da yawa ba su san cewa tatsar ruwa daga iska na cikin aikinta ba. Asalinta ma don haka aka ƙera ta. A shekarar 1902 wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Carrier ya haɗa ta domin wata maɗaba'a a birnin New York, inda laima ke kumbura takarda tana ɓata musu bugu. Da damina, na'ura irin ta ɗaki ɗaya tana iya tatsar lita guda ko fiye a cikin awa ɗaya. Wannan ruwa yana taruwa a wani ɗan faranti a cikinta, ya bi ta siririn tiyo ya fita waje. To in tiyon ya toshe, ko ya lanƙwashe, ko mai haɗawa bai karkata shi ƙasa ba, ina ruwan zai tafi? Sai ya bi bayan na'urar, ya gangaro ta jikin bango, ya shige ƙarƙashin leda. Ni kaina an yi mini. Sau biyu ina sake leda a ɗakina ina zagin mai sayar da ita, ashe zanzaro ne ya yi gini a bakin tiyo ya liƙe shi da laka. Tsinke ɗaya ya raba gardama.

Akwai kuma ragar da ke tace ƙura a gaban na'urar. In ƙura ta toshe ta, iska ba ta wucewa sosai, sai ƙanƙara ta kama cikin na'urar. Da an kashe sai ta narke gaba ɗaya, farantin ya cika ya tumbatsa. Ƙarancin gas ma yana jawo wannan ƙanƙara. Sannan bututun tagulla da ke haɗa na'urar ciki da ta waje, akwai baƙin soso da ake naɗe su da shi. Duk inda soson ya yage, wurin zai riƙa zufa yana ɗiga.

Hanya ta uku ita ce ƙasa. Siminti, ko da ya yi tauri kamar dutse, yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, ruwa yana bin su yana hawa kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Shi ya sa magini na ƙwarai yake shimfiɗa leda mai kauri a kan ciko kafin ya zuba kankare, ya kuma ɗaga daɓe ya fi ƙasar waje tsayi da aƙalla inci 6. A nan ne kawai za a iya cewa da hannun magini. Amma Alhaji, akwai wani ruwa da ke cikin simintin tun ranar da aka kwaɓa shi, kuma a nan da naka hannun. Ƙa'idar masana gini ita ce, kowane inci ɗaya na kaurin kankare yana son kimanin wata guda kafin ya bushe har ciki. A zafin bazararmu yakan fi haka sauri, amma kwana goma bai isa ba ko kusa. Ka rufe shi da leda yana ɗanye, ka toshe masa hanyar numfashi.

Hanya ta huɗu kowa ya san ta. Kwano mai yoyo, indararo mai zuba a gindin bango, kwatar da ta cike, ko bututun famfo da ya fashe a cikin gini.

To yaya za ka gane wadda ta shafe ka? Kayan aikin duk suna gidanka: alli, bokiti, farar leda mai shara-shara, da salatif mai faɗi. Amma kafin ka taɓa wuri mai jiƙa kusa da na'ura, ka kashe wutarta daga bango, ka sa takalmin roba. Ruwa da lantarki ba sa ga maciji.

Gwaji na farko. Ka naɗe ledar ɗakin gaba ɗaya, ka zagaye wurin da ya jiƙe da alli. Tsaya ka duba da kyau. In jiƙar tana wuri ɗaya ne, daidai ƙarƙashin na'ura, kuma akwai sawun ruwa a bango daga sama zuwa ƙasa, zargi ya koma kan na'ura. In ta bazu ko'ina a ɗakin, har lungun da sanyi ba ya kaiwa, to ƙasa ce ko ɗanyen siminti. In kuma ta bi gindin bangon waje ne kaɗai, fita ka duba indararo da kwata.

Gwaji na biyu. Ka kunna na'urar, ka zagaya waje ka tara bokiti a bakin tiyo. Da damina, cikin awa guda ya kamata ka ga ruwa yana ɗiga ba ƙaƙƙautawa. In na'ura na ta aiki amma bokiti a bushe, to ka kama ɓarawo, ruwan yana zuba a wani wuri.

Gwaji na uku shi ne babba, kuma masu duba gine-gine ma suna yin sa. Ka goge daɓen ya bushe. Ka yanko farar leda mai faɗin inci 18 da tsawon inci 18. Ka shimfiɗa ta a kan simintin, ka liƙe gefunan nan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Yanki biyu za ka yi, ɗaya ƙarƙashin na'ura, ɗaya a lungu mafi nisa da ita. Ka bar su aƙalla awa 16, in ka bar su kwana guda cur ya fi. Ka ci gaba da amfani da ɗakin yadda ka saba. Washegari ka duba. In ruwa a saman ledar yake, ƙarƙashinta a bushe, to raɓa ce daga iska, daɓenka lafiyarsa lau. In kuwa ruwan yana ƙarƙashi, ko simintin wurin ya yi duhu, to daga cikin daɓen yake fitowa.

Sai dai a nan ka yi hattara, kada ka yanke hukunci da garaje. Simintin da na'ura ta daɗe tana zuba wa ruwa ya riga ya sha ya ƙoshi, shi ma zai nuna jiƙa a ƙarƙashin leda. Abin da zai raba maka su shi ne yanki na biyu da ke can lungu, da kuma gwaji na huɗu.

Gwaji na huɗu. Ka haƙura da sanyi na kwana biyar. A kashe na'ura, a bar fanka tana kaɗawa, a buɗe taga da rana. Kowace safiya ka sake zagaye jiƙar da alli. In da'irar tana tsukewa kullum, na'ura ce. In tana nan yadda take, ko kuma tana faɗaɗa duk ranar da aka yi ruwan sama, to ƙasa ce ko rufi, ka sake gwajin leda don ka tabbatar.

Ga kuma wata shaida da ba ta ƙarya. Ruwan da ya taso daga ƙasa yana tahowa da gishirin ƙasa da na siminti. In ya bushe sai ya bar farin gari kamar kanwa a daɓe da gindin bango, fenti yana ɓamɓarewa, kuma da wuya alamar ta wuce ƙugun mutum. Raɓa kuwa ba ta da gishiri, abin da takan bari shi ne baƙar fumfuna ɗigo-ɗigo da warin ruma.

Daga abin da ka rubuta, Alhaji, tunda ka ce ɓarnar tana ƙarƙashin na'ura ne, kuma sai da damina ta kankama ta bayyana, zuciyata ta fi karkata ga tiyo da raɓa, ɗanyen siminti kuma ya ƙara wa Barno dawaki. Amma ni ina nan cikin ɗakin watsa shiri, kai ne a gaban daɓen. Gani ya kori ji.

In na'ura ce, gyaran ba shi da tsada. A buɗe tiyo, a karkata shi ƙasa tun daga farko har ƙarshe, a kai bakinsa nesa da gindin gini. A wanke raga duk mako biyu. A sake soson da ya yage. In irin ta taga ce, a ɗan karkata bayanta waje. In raɓa ce, ka daina sa ta a 16, ka mayar da ita 24 ko 25, ka ɗaga fukafukanta su hura sama maimakon daɓe. In wuta ta ɗauke kada ka wangale ƙofa nan take, bari ɗakin ya huce a hankali. In ƙasa ce, fara da waje: a gyara kwata, a yi wa gindin bango daɓe mai gangara, a ga abin da hali zai yi. Fasa daɓe a sa leda a ƙarƙashi shi ne matakin ƙarshe, kuma aikin rani ne. Ko wanne ne dai, kada ka mayar da ledar ɗaki sai gwajin leda ya fito a bushe. Ka yi zamanka da tabarma kafin nan.

Masu shaguna da ke sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, maganar nan ta shafe ku. In kun ga daɓe na jiƙa a gindin firiji ko firiza, ku duba abu uku. Akwai ɗan rami a bangon baya na cikin firiji da ke fitar da ruwa, yakan toshe. Akwai robar bakin ƙofa: ku maƙala takarda ku rufe, in ta zare ba da wahala ba, robar ta saki, iskar waje na shiga. Sai kuma ƙanƙarar da ke narkewa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ku ɗora firiza a kan katako, ku bar tazara tsakaninta da bango.

Da hunturu ma akan ga irin wannan, ko da yake iskar lokacin a bushe take. Mai kunna risho a rufaffen ɗaki don jin ɗumi ya sani cewa kowace lita ta kananzir da ta ƙone tana sakin ruwa kusan lita guda a cikin iska. Da asuba sai ka ga kwano yana ɗiga. Wannan ma da sauƙi. Risho ko kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe ko'ina yana fitar da iskar guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. Kada a kwana da su a rufaffen ɗaki.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai abin ke damu. A Amurka da Kanada gidaje da yawa daɓen katako gare su, da manyan bututu a ƙarƙashi masu huro ɗumi lokacin sanyi, su huro sanyi lokacin zafi, ta wasu ƙofofi a daɓen. Su ma katakon da ke bakin ƙofofin nan ne ke fara lalacewa, saboda wannan raɓa dai. Kafintocinsu na da wata dabara da za ta amfani duk mai dandamalin katako a shago. In gefunan katako suka ɗaga, tsakiya ta lotsa kamar kwale-kwale, laimar daga ƙasa take. In tsakiya ce ta yi tozo, daga sama take.

Yanzu mu koma kan masara, domin ita ta fi daɓen muhimmanci. A fito da buhunan ƙasa, a zazzage a shanya a kan tamfal duk ranar da rana ta buɗe. Masarar ajiya ana son laimarta kada ta wuce kashi 13 cikin 100. In ba ka da ma'auni, samo busasshiyar kwalba, ka zuba masara zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali biyu na gishirin da aka busar sosai. Ka rufe, ka girgiza na minti guda, ka ajiye minti 15, ka sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, masarar ba ta bushe ba, a koma shanya. In za a mayar sito, a jera a kan katako, a bar tazarar da mutum zai iya ratsawa tsakanin buhu da bango.

Wadda kuwa ta riga ta yi fumfuna, ta canza launi, a ware ta. Akwai fumfunar da ke haifar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004 a gabashin ƙasar Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan cin irin wannan masara, 125 daga cikinsu suka rasu. Kada a ci, kada a ba kaji ko shanu, domin tana fitowa har a cikin nono. Kada kuma a cuɗa ta cikin mai kyau a kai kasuwa. Alhaji, kai da ke kukan an ha'ince ka, ka fi kowa sanin zafin abin. Asarar buhu biyu ta fi ɗaukar alhakin rai.

Maganar binne kuwa, addu'a ba ta da lokaci, a yi ta kullum. Amma a fara leƙa bakin tiyo tukuna.

Saura zancen surukinka. Shawarata ita ce ka aika a kira shi, ku yi gwajin nan tare, shi ya riƙe leda kai ka liƙa salatif, washegari ku ɗaga tare a gaban mutum biyu. In ta nuna bai sa leda a ƙarƙashin kankare ba alhali kun yi da shi zai sa, sai a zauna a sasanta yadda zai gyara da rani. In kuwa ta wanke shi, ka ba shi haƙƙinsa a ranar, ka haɗa da ban haƙuri, girmanka ba zai ragu ba. Ka kuma tuna da uwargida, wadda aka bari tsakanin miji da ƙani kan laifin da wataƙila na zanzaro ne.

Muna jiran wasiƙarka ta biyu, ka gaya mana gefen ledar da ruwa ya kwanta, sama ko ƙasa, domin sauran masu sauraro su ƙaru. A nan za mu dasa aya. Masu tambayoyi a ci gaba da aiko mana, matambayi ba ya ɓata.